Mura da magungunan gida

Idan watan Nuwamba ya kama, an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. Tana ratso hamada, ta kwaso ƙura daga yankin Bilma da kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zubo ta a kan Agadas, Damagaram, Maraɗi, Tawa, Doso da Yamai. Hazo ya rufe rana. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ɗari ya sa kowa neman bargo. A wannan lokaci ne malam yake jin atishawa da tari daga kowane benci na aji. Mura ta zo.

Yara, babu gidan da mura ba ta shiga. Ƙaramin yaro yakan yi ta sau 6 zuwa 8 a shekara, babba kuwa sau 2 ko 3. Iyayenmu da kakanninmu sun san dabaru da yawa na sauƙaƙa ta da abin da ke cikin gida. A wannan darasi za mu ga waɗannan dabaru da yadda suke aiki. Za mu ga waɗanda ke da haɗari. Za mu kuma koyi gane ranar da ya kamata a bar maganin gida a nufi gidan likita. Da yawa daga cikinku kuna goyon ƙannenku, kuna kula da su idan inna ta tafi rijiya ko kasuwa. Saboda haka wannan sani naku ne.

1. Me ke kawo mura?

Mutane sukan ce sanyi ne ke kawo mura. Gaskiyar magana, wasu ƙwayoyin cuta ne da ake kira birus suke kawo ta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su. Sun fi iri 200. Shi ya sa mutum yakan warke daga mura yau, bayan wata ɗaya wata ta sake kama shi: wani iri ne dabam ya same shi.

Birus yana fitowa daga hanci da bakin mai mura idan ya yi atishawa ko tari. Yana kuma maƙalewa a hannu, a moɗa, a ƙyalle da marfin ƙofa. Wanda ya taɓa, sa'an nan ya sosa ido ko hanci, ya ɗauka ke nan.

To mene ne laifin hunturu? Busasshiyar iska da ƙura suna busar da cikin hanci, su raunana shi. Ɗari kuma yana tara mutane cikin ɗaki guda, an rufe ƙofa da taga. Ta haka birus yake samun hanya cikin sauƙi daga wannan zuwa wancan.

Idan birus ya shiga hanci, jiki yakan tashi yaƙi. Jini ya taru a fatar cikin hanci, fatar ta kumbura, hanyar iska ta ƙuntata. Wannan kumburi shi ne babban dalilin toshewar hanci. Majina kuwa ruwa ne da jiki yake fitarwa don ya wanke ƙwayoyin cuta da ƙura. Atishawa da tari su ne tsintsiyar da ke share su waje.

2. Yadda mura take tafiya

Kwana 1 zuwa 3 bayan ɗaukar birus, sai mutum ya ji maƙogwaro yana ƙaiƙayi, jiki ya yi nauyi, atishawa ta yawaita. Daga nan majina ta fara zuba kamar ruwa. A kwana na 2 da na 3 ne abin ya fi tsanani: hanci ya toshe, kai ya yi ciwo, abinci ya rasa ɗanɗano. Bayan haka majina ta yi kauri, wani lokaci ta koma rawaya ko tsanwa. Wannan launi shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Cikin kwana 7 zuwa 10 mura takan wuce, ko da yake ɗan tari yakan daɗe kaɗan.

Ku riƙe wannan da kyau: jiki ne da kansa yake kashe birus na mura. Citta ba ta kashe shi, allura ma ba ta kashe shi. Aikin maganin gida shi ne ya sauƙaƙa wahala, ya buɗe hanci, ya sanyaya maƙogwaro, ya ba mai ciwo damar ci da sha da barci har jiki ya gama yaƙinsa.

3. Abin sha mai ɗumi

Maganin farko shi ne ruwa. Mai mura yana asarar ruwa ta majina da zufa da numfashin baki. Idan ya sha ruwa da yawa, majina ba ta yin kauri, tana fita da sauƙi. Abin sha mai ɗumi ya fi daɗi ga maƙogwaro: kunun gero, kunun tsamiya, koko, romon kaza ko na kifi, shayi marar ƙarfi da na'ana'a.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ne abincinsa da ruwansa da maganinsa. Ba a ba shi jiƙo, ba a ba shi shayi. A dai ƙara yawan shayarwa.

4. Citta da lemun tsami da zuma

Wannan haɗi sananne ne a gidajenmu. Ga yadda ake yin sa:

A sami ɗanyar citta kamar girman babban yatsa. A wanke, a daddaka.
A zuba ta cikin kofi 2 na ruwa, a tafasa minti 10.
A sauke, a tace, a bari ya huce har baki ya iya ɗauka.
A matsa rabin lemun tsami, a sa cokali ɗaya na zuma, a motsa.
A sha sau 2 ko 3 a yini.

Idan babu ɗanyar citta, busasshiya ma tana yi. Yawancin cittar da ke kasuwanninmu daga kudancin jihar Kaduna ta Najeriya ƴan kasuwa suke kawo ta, daga wajen Kaciya da Kafancan. Yajinta yana ɗumama baki da maƙogwaro, yana sa majina ta tsinke. Lemun tsami yana da bitamin C, kamar gwaba da garin ƴaƴan kuka. Bitamin C ba ya hana mura kama mutum, amma jiki yana bukatar sa kullum.

Zuma kuwa tana lulluɓe maƙogwaro, ta rage ƙaiƙayin da ke tayar da tari. Likitoci sun gwada, sun ga ƙaramin cokali na zuma kafin barci yana rage tarin dare ga yara. Ana samun zuma mai kyau a ƙasarmu, a yankunan Gaya, Makalondi, Madarumfa da Magariya.

Amma ga kashedi babba: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da ɗigo ɗaya. Wani lokaci zuma tana ɗauke da ƙwayar cuta wadda cikin babba yake iya kashewa, na jariri kuwa bai iya ba. Tana iya shanye jikinsa, ta tsayar da numfashinsa.

5. Kayan yaji

Idan mura ta shiga gida, inna takan ƙara kayan yaji a kunu da miya: kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa da barkono. Kowannensu da asalinsa. Kanumfari furen wani icce ne da ake tsinkewa tun bai buɗe ba, a shanya. Ana noma shi a ƙasashe irin su Madagaska, Indunusiya da tsibirin Zanzibar. Kimba da masoro daga ƙasashen kurmi na kudu suke zuwa. Tafarnuwa kuwa manoman garka na duwatsun Ayar, a jihar Agadas, suna noma ta da yawa.

Kun taɓa lura idan kun ci yaji hancinku yakan zubo da ruwa? Haka kayan yaji suke aiki. Suna sa majina ta gudana, hanci ya buɗe na ɗan lokaci. Suna kuma tayar da sha'awar abinci ga wanda bakinsa ya mutu. Amma kome ya yi yawa ɓaci yake. Yaji mai yawa yana ƙona ciki, yana ƙara tari. A sa wa yara kaɗan. Kada a tura tafarnuwa ko barkono cikin hanci ko kunne, suna ƙona fata.

6. Ruwan gishiri

A cikin dukkan magungunan toshewar hanci, wannan ya fi araha, kuma har jariri ana yi masa. A tafasa ruwa sosai, a bari ya huce. A auna kofi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin huɗu na litar. A sa rabin ƙaramin cokali na gishirin miya, a motsa har ya narke. Idan an ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Babba ko ɗan makaranta ya zuba kaɗan a tsabtataccen tafin hannu, ya shaƙa a hankali, ya face. Jariri kuwa, uwa ta ɗiga masa ɗigo 2 a kowace kafar hanci, ta jira kaɗan, ta share da ƙyalle mai laushi. An fi so a yi haka kafin a ba shi nono, domin jaririn da hancinsa ya toshe ba ya iya tsotso da numfashi a lokaci guda.

Ruwan gishiri yana jiƙa busasshiyar majina, ya wanke ƙura. Mai ciwon maƙogwaro yana iya kurkure wuya da shi yana da ɗumi, ya tofar. A haɗa sabo kowace rana. Kada a yi amfani da ruwan tafki ko na rijiya da ba a tafasa ba. Kada a sa kanwa a madadin gishiri.

7. Sirace

Sirace tsohuwar dabara ce. Ana tafasa ruwa da ganyen turare, wanda Faransawa ke kira « eucalyptus », ko da na'ana'a. A sauke tukunya, mutum ya duƙa a kanta, ya lulluɓa da zane, ya shaƙi tururi minti 5 zuwa 10. Tururi yana jiƙa cikin hanci, ƙanshin ganye yana sa a ji kamar hanya ta buɗe. Sauƙin na ɗan lokaci ne, ba ya rage kwanakin mura.

Haɗarin sirace shi ne ƙuna. Tukunya tana iya kifewa a kan cinya ko ƙirji, kuma ƙunar tafasasshen ruwa ta fi mura muni nesa ba kusa ba. Don haka sirace na manya ne. Ɗan makaranta ba ya yin sa sai babba yana tsaye a kansa, tukunya tana ƙasa a wuri mai daidai, an bar ruwan ya ɗan huce. Ba a yi wa jarirai da ƙananan yara sirace sam.

8. Man kaɗe da hutu

Yawan face majina yana sa bakin hanci ya yi ja, ya tsage. A shafa man kaɗe kaɗan a bakin hanci da leɓe. Ana samun wannan mai daga ƴaƴan kaɗanya, iccen da ke tsiro a kudancin jihar Doso, wajen Gaya. A waje ake shafa shi. Ba a ɗura mai cikin hancin jariri, domin yana iya gangarawa huhu. Man shafawa mai yaji na kanti, mai ƙanshin kafur, shi ma ba na jarirai ba ne.

Sai hutu. Mai mura ya kwanta da wuri, ya ɗan tada kansa da matashi don hanci ya sami sauƙi. Ya sa riga mai kauri da safe da dare. Ya ci abinci ko kaɗan kaɗan ne. Wanka ba ya ƙara mura: a yi shi da ruwan ɗumi, da hantsi, a wurin da iska ba ta bugawa.

9. Abubuwan da ba a yi

Ba a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe. Gawayi yana fitar da wata guba marar launi, marar wari, wadda ke kashe mutane cikin barci. Hayaƙin icce da na taba kuma suna ƙara tari, suna raunana huhun yara.

Ba a sayen kafso a hannun masu tallar magani a kasuwa ko tasha. Yawancinsu antibiyotik ne, wato maganin ƙwayoyin bakteri, ba su taɓa birus. Wasu jabu ne, wasu rana ta lalata su. Wanda ke shan su ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ya bukace shi da gaske sai ya ƙi aiki.

Ba a ba yara asfirin don mura ko masassara. Idan jiki ya yi zafi, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi maganin da ya dace da yawan da ya dace da nauyin yaro.

Ba a kai yaro a cire masa belu, wato hakin wuya, don yana tari. Belu ba ya kawo tari. Yanke shi yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, kuma zafin ciwon yana hana yaro ci da sha.

10. Ranar da maganin gida bai isa ba

Wasu manyan cututtuka suna farawa da kamannin mura. Mafi haɗari ga ƙananan yara shi ne ciwon huhu, wanda ake kira ciwon haƙarƙari ko namoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2019 wannan ciwo ya kashe yara fiye da 700.000 ƴan ƙasa da shekara 5 a duniya. Alhali kuwa yana da magani idan an je da wuri.

Babbar alamarsa ita ce saurin numfashi, kuma ko ɗan makaranta yana iya ƙidaya shi. A jira yaro ya natsu, ba ya kuka. A ɗaga rigarsa. A dubi agogo, a ƙidaya sau nawa cikinsa ya tashi cikin minti ɗaya cif. Tashi da sauka, ɗaya ke nan. Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

60 ko fiye, ga jaririn da bai kai wata 2 ba;
50 ko fiye, daga wata 2 zuwa wata 11;
40 ko fiye, daga shekara 1 zuwa shekara 5.

Idan haka ne, a kai shi gidan likita a ranar. Haka kuma a gaggauta, ko da tsakar dare ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi.
Ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha.
Yana barcin da ba a iya tada shi, ko yana jijjiga.
Jariri ne ɗan ƙasa da wata 2, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau.
Wuya ya sanƙare, ga ciwon kai mai tsanani da masassara. Wannan alamar sanƙarau ce, cutar da ke zuwa da rani. Ta yi ɓarna ƙwarai a Nijar a shekarun 1995 da 2015.
Ido ya yi ja, ga tari da majina, sa'an nan ƙuraje suka feso daga fuska. Wannan ƙyanda ce, wadda wasu ke kira baƙon dauro.

Akwai kuma waɗanda ba a bari su kwana biyu. Duk masassara a ƙasarmu tana bukatar gwajin jini, domin tana iya zama ta cizon sauro. Ɗigo ɗaya ake ɗauka a yatsa, cikin minti 20 an san amsa. Ciwon kunne ko ruwa daga kunne, da tarin da ya wuce sati 2, su ma sai an duba.

Kada tsoron kuɗi ya sa a yi jinkiri. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke shawarar a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati.

11. Rigakafi ya fi magani

Ku wanke hannu da ruwa da sabuni kafin cin abinci da bayan face majina. Ku yi atishawa cikin gwiwar hannu ko cikin ƙyalle, ku kau da fuska daga mutane. Kowa da ƙyallensa, a wanke shi kullum, a shanya a rana. Kada mai mura ya sumbaci jariri ko ya sha moɗa ɗaya da shi. Ranar hazo ku rufe hanci da baki da rawani, gyale ko takunkumi. Ku yayyafa ruwa kafin ku share aji ko tsakar gida. Da hantsi a buɗe tagogi iska ta shiga.

Mura ba ta da allurar rigakafi, saboda yawan irin birus ɗinta. Amma ƙyanda da sanƙarau da wasu irin ciwon huhu suna da ita. Ku tuna wa iyayenku su duba katin rigakafin ƙannenku. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Abin riƙewa

Birus ne ke kawo mura, jiki ne ke warkar da ita cikin kwana 7 zuwa 10. Abin sha mai ɗumi, citta da lemun tsami da zuma, ruwan gishiri da hutu suna sauƙaƙa ta. Ba a ba jariri zuma kafin shekara 1. Ba a yi wa ƙaramin yaro sirace. Idan numfashi ya yi sauri ko ƙirji yana lotsawa, a tafi gidan likita nan da nan.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

mura : le rhume
majina : la morve
atishawa : l'éternuement
tari : la toux
masassara : la fièvre
huhu : le poumon
ciwon huhu : la pneumonie
citta : le gingembre
zuma : le miel
kanumfari : le clou de girofle
tafarnuwa : l'ail
man kaɗe : le beurre de karité
tururi : la vapeur

Tambayoyi

1. Me ke kawo mura? Ta waɗanne hanyoyi ake ɗaukar ta?
2. Don me mura ta fi yawa a lokacin hunturu?
3. Me ke sa hanci ya toshe?
4. Wane ne ba a ba zuma? Don me?
5. Yaya ake haɗa ruwan gishiri na wanke hanci?
6. Jariri ɗan wata 8 yana numfashi sau 56 a minti ɗaya. Me ya kamata a yi?
7. Yarinya ƴar shekara 3 tana majina, tana wasa, tana cin abinci, numfashinta 30 a minti ɗaya. Wane taimako za a yi mata a gida?

Aiki

Ku zauna biyu biyu. Malam zai riƙe agogo. Kowa ya ƙidaya numfashin abokinsa na minti ɗaya, ya rubuta a allo. Ku yi gudu a filin makaranta, ku sake ƙidayawa. Ku gwama lambobin biyu. Don me ake jira yaro ya natsu kafin a ƙidaya numfashinsa?

A gida, ku tambayi kaka ko inna magungunan mura guda 3 da ta sani. Ku rubuta sunayensu da yadda ake haɗa su, ku kawo aji. Tare da malam za ku raba su gida biyu: waɗanda ba su da haɗari, da waɗanda sai an yi hattara.